Hali Zanen Dutse? Tunani a Kan Mashayin da Ya Dawo Gida

Gamborun da muke nufi a nan ita ce unguwar nan ta cikin birnin Maiduguri, mai babbar kasuwa kusa da kogin Ngadda, ba Gamborun Ngala ta kan iyakar Kamaru ba. Mu ƙaddara wani magidanci ne a wannan unguwa, mai mata da 'ya'ya, yaron wani attajiri a kasuwa, wanda ya shekara goma yana shan giya a ɓoye har abin ya fito fili. Kuɗin ubangidansa suka salwanta a hannunsa, matarsa ta yi yaji, 'yan'uwa suka haɗa kuɗi suka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga. Ya yi wata uku a kwance, aka sallame shi, ya dawo ya yi ƙiba, idonsa ya washe, hannunsa ya daina rawa. Ranar da ya sauka kowa ya zo ya yi masa barka da arziki. To, washegari fa? Ubangidansa zai sake damƙa masa makullin rumfa? Surukai za su mayar masa da matarsa? In ya doso majalisa za a gusa masa a kan tabarma, ko kuwa hira za ta mutu har sai ya wuce?

Wannan ita ce tambayar da muke son mu tattauna: idan mashayi ya fito daga gidan jinya, a wuyan wa ɗorewar warkewarsa ta rataya, kuma me yake bin mu bashi, mu da ya dawo ya tarar?

Amsoshi biyu ne a bakinmu, kuma ba su jituwa. A masallaci muna cewa ƙofar tuba a buɗe take, wanda ya tuba kamar bai yi laifi ba ne. A kasuwa kuwa muna cewa hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa. Ta farko muna faɗarta ne da baki, ta biyun kuwa da ita muke aiki. Ko a adabinmu haka abin yake, domin Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum a kan aibin giya, Mamman Shata kuma ya yi wa mashaya tasu waƙar, duka biyun jama'a sun karɓa. Mun ƙware wajen zagin giya, mun kuma san yadda ake raha da mashayi, amma ba mu tanadi wata magana ba game da mutumin da ya sha ya bari, yake neman hanyar komawa cikin mutane.

Abin da Gidan Jinya Ke Iya Yi

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu san aikin da kwantarwa a asibiti ke yi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, jikinsa kan saba da ita har ƙwaƙwalwa ta daidaita aikinta a bisa zaton giyar tana nan tafe. Idan aka yanke ta farat ɗaya, cikin sa'o'i 6 zuwa 24 sai hannu ya kama rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Wasu kuma, a kwana na biyu ko na uku, hankalinsu kan gushe, su riƙa gane-gane da sambatu, kuma wannan hali yana kisa in ba a kula ba. Saboda haka likitoci kan kwantar da mutum, su ba shi magungunan da ke kwantar da jijiyoyi suna rage su sannu a hankali, su ƙara masa da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwarsa, su duba lafiyar hantarsa. Wannan mataki bai cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. Sauran makonnin na koyon zama ne ba tare da giya ba: tashi da kwanciya a kan lokaci, tattaunawa da masu ba da shawara, zama da waɗanda ciwo ɗaya ya haɗa su, da gano abubuwan da ke tayar wa mutum da ƙishirwar abin.

Ke nan wanda ya ce wa tsohon mashayi ya yi ta maza ya bari yau-yau a ɗakinsa, yana iya tura shi kabari da kyakkyawar niyya. A nan gidan jinya ba shi da madadi.

Sai dai ba kowane gida mai katanga da ƙofar ƙarfe ne gidan jinya ba. Mun gaji gidan mari, inda ake kai kangararru da mashaya a sa musu sasari a ƙafa, a haɗa musu da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu a ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo. Bayan 'yan makonni aka buɗe wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, mutane ne da dabara ta ƙare musu. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa, ba ta taɓa abin da ke tura ƙafar zuwa mashaya. Wanda ya bar giya don an ɗaure shi, ranar da aka kwance shi ranar dalilinsa na bari ya ƙare, ga kuma ƙullaci da ya ƙaru a zuciyarsa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Doka ta sake, saura tunaninmu.

Abin da Ba Ya Iya Yi

Mu koma kan mutuminmu na Gamboru. A cikin asibiti barin giya bai yi masa wuya sosai ba bayan makon farko, domin babu giyar, babu abokan shanta, babu mai bin sa bashi a bakin ƙofa. Jarrabawar tana farawa ne ranar sallama. Lungun da ya saba bi yana nan, mai sayarwa ya san shi, abokai na jiran sa, bashin da ya gudu ya bari ya haihu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma turken nan ba a cikin jikin mutum kaɗai yake kafe ba, yana kafe a hanyoyi da lokuta da fuskokin da ya saba da su.

Akwai wani bincike da ya fito da wannan batu fili. A farkon shekarun 1970 wata masaniya a Amurka, Lee Robins, ta bi sawun sojojin ƙasarta da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da jarabar hodar iblis nau'in hiroyin a can fagen fama, har hukuma ta tsorata da abin da zai biyo bayan dawowarsu. Amma a shekarar farko da komawarsu gida, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa cikin jarabar. Ba giya suka sha ba, amma darasin ɗaya ne: sun bar wurin da suka koyi abin, da tsoron da ya sa su sha, da abokan da suka sha tare. Shi kuwa namu, daga asibiti kai tsaye muke mayar da shi wurin da ya kamu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin mutumin da ya kashe rai ɗari, ya je wurin wani malami yana neman hanyar tuba. Malamin bai rufe masa ƙofa ba, amma bai tsaya ga yi masa albishir ba, sai ya umarce shi ya bar garinsu ya koma wani gari na mutanen kirki ya zauna tare da su. Wato malamin ya gane cewa niyya komai ƙarfinta tana bukatar wurin da za ta tsaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, haka nan zama da mai turare. To amma talakan Gamboru ba shi da halin yin ƙaura, sana'arsa da danginsa duk a nan suke. In ba zai iya sake gari ba, ashe garin ne ya kamata ya sake masa fuska.

Wani likita ɗan ƙasar nan ya gwada haka a aikace. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abekuta ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane majinyaci tare da wani ɗan'uwansa. Da rana su zo a duba su, da yamma su koma cikin jama'a, su ci abinci da mutane, su je kasuwa. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya hango shi ne, mutum cikin mutane zai ƙarasa rayuwarsa, don haka cikin mutane ya kamata ya koyi warkewa, kuma danginsa su koya tare da shi.

Idan Ya Sake Faɗuwa

Mai karatu zai ce, to ai mun sha gani, an kai su asibiti an kashe kuɗi, bayan wata biyu sun koma ruwa. Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar shaye-shaye sukan sake komawa, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko ciwon asma da ciwonsu ke tashi bayan an shawo kansa ba. Amma idan jinin mai hawan jini ya sake hawa ba mu cewa asibiti ƙarya ne, ba mu kuma cewa shi ɗan banza ne, sai mu mayar da shi wurin likita. Mashayi kaɗai ne muke yanke wa hukuncin ƙarshe a faɗuwar farko.

George Vaillant, wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, ya bi rayuwar ɗaruruwan maza shekaru da dama, ya wallafa sakamakon a 1983. Ya gano cewa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu da bari abu ne da aka saba gani, amma wanda ya cika shekara biyar bai sha ba, da wuya ya koma. Ya kuma lura da abubuwa huɗu da suka yawaita ga waɗanda suka tsira: sun sami wani abin da ya maye gurbin giyar a rayuwarsu, akwai wani mai sa musu ido a kai a kai, sun ƙulla sabuwar dangantaka da mutanen da ba su cutar ba a baya, sannan sun shiga wata jama'a mai ba su fata da ƙarfin zuciya, ta addini ko makamanciyarta. Mu duba da kyau, cikin huɗun nan babu wanda ake rubutawa a takardar magani. Sana'a ce, da aboki, da majalisa, da sahun salla, kuma duk a hannunmu suke. Wata uku na asibiti ne, sauran shekara huɗu da wata tara na unguwa ne.

Addininmu ma bai ɗauki rabuwa da giya abu na dare ɗaya ba. Haramcinta a hankali ya sauka: aka fara bayyana cewa cutarta ta rinjayi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, kafin hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari, sai da zukata suka nuna tukuna. Ba muna cewa haramcin yana da sassauci a yau ba ne, hukunci ya riga ya tabbata. Abin lura shi ne an san halin ɗan'adam da abin da ya saba da shi. Akwai kuma labarin wani sahabi mai ban dariya da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya gaji ya tsine masa, sai Manzo ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba, ba a kuma mayar da laifinsa sunansa ba. Mu kuwa mutum ya shekara goma da bari, in za a yi kwatancen gidansa sai a ce gidan wane mashayi.

Hujjar Masu Ɗari-ɗari

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Matar da ta sha duka da zagi, ta kwana da yunwa ita da 'ya'yanta, aka sayar da kayan ɗakinta, ba za mu tsaya a kanta muna yi mata wa'azin haƙuri ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Attajirin da dukiyarsa ta salwanta shi ma yana da iyalin da yake ciyarwa. Kuma in mun ce komai laifin unguwa ne, mun raina mashayin kansa, mun mayar da shi kamar kara a kan ruwa, alhali mutum ne mai hankali da zaɓi. Ciwo ne, haka ne, amma ciwon da ba ya warkewa sai da hannun mai shi. Babu wanda zai iya ƙin karɓar kofi a madadinsa.

Mafita a ganinmu ita ce mu raba abubuwa uku da muka saba cakuɗawa: mutunci, da yafiya, da amana. Mutunci haƙƙinsa ne tun ranar da ya dawo, ba sai ya saya ba: a amsa sallamarsa, a kira shi da sunansa, a gusa masa a sahu da tabarma, a gayyace shi suna da ɗaurin aure. Yafiya ta wanda aka cuta ce, shi zai bayar in ya ga dama, a lokacin da ya ga dama, kuma a kan mai laifi ne ya nema ya biya abin da zai iya biya. Amana kuwa a hankali ake gina ta, kamar yadda ake ɗora tubali. Kada ubangidansa ya ba shi makullin rumfa ranar farko, wannan ganganci ne, kuma nauyi ne da zai iya karya shi. Amma ya ba shi aikin da ba na riƙon kuɗi ba, bayan wata shida ya aike shi da kaɗan, in ya cika a ƙara. Surukai suna da damar gindaya sharaɗi da wa'adi. Abin da ba su da dama, su da mu duka, shi ne mu rufe ƙofa ruf sannan mu zauna muna jiran ranar da zai faɗi don mu ce da ma mun faɗa. Wanda aka hana sana'a, aka hana majalisa, aka hana iyali, wuri ɗaya ne ya rage inda ake murna da zuwansa, kuma mun san wurin.

Kunya da Ɓoyo

Akwai wata matsala da ta keɓanci garuruwa irin namu. Inda giya take haram a addini, abin kunya a al'ada, kuma abin hani a doka, kamar yadda Gwamna Babagana Umara Zulum ya jaddada hana sayar da ita a Maiduguri a 2025, mai sha ba ya sha a fili. Hanin yana da amfaninsa, domin yana kare da yawa daga fara sha. Amma wanda ya riga ya kamu, ɓoyo yake ƙarawa, iyalinsa su taya shi ɓoyewa, har sai hanta ta kumbura ko hankali ya gushe. In an kai shi asibiti a ce ya yi tafiya, in ya dawo a ce zazzaɓi ya yi. Ta haka ba wanda zai taimake shi, tunda ba a yarda akwai abin taimako ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba muna cewa a yi shela ba, rufin asiri abu ne mai kyau, amma lalle a sami mutum uku ko huɗu da suka san gaskiya, waɗanda zai iya buga wa ƙofa da tsakar dare in abin ya motsa.

Kada kuma mu manta da irin abin da mutanen wannan gari suka gani. Tun daga 2009 Maiduguri take cikin tashin hankali, mutane sun rasa 'yan'uwa da garuruwansu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama har da Gamboru, ya tafi da gidaje da jarin mutane. Wani ba don nishaɗi yake sha ba, yana sha ne don ya sami barci. In an raba shi da kwalba ba a taɓa abin da ke hana shi barci ba, an yi rabin aiki ne.

A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, ɗaya dillalin hannun jari ɗaya likita, suka gano cewa idan suna zama suna gaya wa juna gaskiya sukan iya wuce yini ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta samo asali, ta bazu a duniya. Ba lalle ne mu kwafi tsarinsu ba, domin muna da zaure da majalisa da makarantar dare. Abin da muka rasa shi ne tsohon mashayin da zai yarda a san shi, ya kama hannun sabon fitowa. Ba zai fito ba kuwa sai ranar da muka daina yi masa gori.

Kammalawa

Mun fara da tambayar ko hali zanen dutse ne. Abin da muka gani shi ne hali yana sakewa, amma a hankali, cikin shekaru, tare da tuntuɓe, kuma da wuya mutum ya sake shi shi kaɗai. Likita yana da nasa aikin na makonni, mai ciwo yana da nasa na kowace safiya har ƙarshen ransa, mu ma muna da namu. Mu ɗalibai da malamai da ke karanta wannan mujalla, kusan kowanenmu ya san wani irin mutumin nan na Gamboru, a gidansu ko a ɗakin kwanan ɗalibai ko a wurin aiki. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan ya dawo, mu je mu gaishe shi ranar farko kamar yadda aka saba, sannan mu koma ranar arba'in, lokacin da 'yan barka suka watse, mu tambaye shi yadda yake kwana da abin da yake yi da yininsa.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, amin.